Igiya Mai Kalma Biyar

Ƙafar Na-Ƙasa ɗaya na kan matakalar bas, ɗaya na ƙasa, direba ya fara murza mota. Na girgiza igiyar da ke tsakaninmu, na daki jikin bas ɗin da tafin hannu har mutanen ciki suka waigo.

"Kai direba! Mutum ka ɗauko ko buhu?"

Ya taka burki. Na tura abokina ciki da kafaɗa, Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta tarbe shi daga sama ta zaunar da shi kusa da taga. Ni na zauna a gefensa, domin nan ne wurina. Auta ta koma kujerar baya.

Na-Ƙasa ba ya gani, ba ya ji. Kunne ne ya fara tafiya, ido ya bi shi a hankali, yau shekara uku ke nan da duka biyun suka rufe ruf. Baki kuwa yana nan daram, har ya fi da ƙarfi, tunda ba ya jin kansa. Shekara talatin da ɗaya muna haƙar rijiya tare, shi a ƙasa, ni a sama riƙe da igiya, daga nan sunayenmu suka fito. Da ni ma ina shiga. Rijiya ta rufta da ni a zurfin gaba goma sha biyu, na kwana a ciki, aka zaƙulo ni da safe ina zagin masu tono saboda nawa. Tun daga ranar na koma sama. Ba tsoro ba ne, sama ce ke bukatar mai hankali.

Wata mata mai jaka a cinya ta ƙura wa hannunmu ido. Gutsuren igiya ne, bai fi kamu biyu ba, ya yi baƙi don shekaru. Bakinsa ɗaya na hannunsa, ɗaya a nawa.

"Baba, da wannan kuke magana?"

"Da ita," na ce. "Kalma casa'in da tara. Babu abin da ba na gaya masa. Labarin duniya, farashin kaya, wanda ya mutu, wanda ya haihu. Ni ban yi boko ba, amma wannan karatun a nemo mai digiri ya zauna, sai ya shekara talatin bai kama bakin zaren ba."

"Ikon Allah," in ji ta.

Gaskiyar magana, kalma biyar ce. A rijiya mutumin ƙasa ke ja, na sama ya fahimta: ja ɗaya tsaya, biyu jawo, uku sassauto, girgiza akwai haɗari, dogon ja ruwa ya fito. Da abin ya same shi sai muka juya ta, ni nake ja. Ɗaya a'a, biyu i, uku mu tafi, girgiza hattara, dogon ja ga abinci ko ruwa a gabanka. Shi ke nan. Shi zai yi tambaya, ni in amsa. Abin da bai yi tunanin tambaya ba, ba zai taɓa sani ba, ko da gobara ce a bayan ɗakinsa.

"Baffa," Auta ta leƙo ta tsakanin kujeru, "ka tuna masa inda za mu?"

"Tun jiya."

Kamar ya ji mu, Na-Ƙasa ya buɗe murya, bas ɗin duka ya ɗauka. "Na-Sama! Asibiti za mu?"

Na ja biyu.

"Maganin ɗigawa za a ba ni?"

Na dubi taga. Na ja biyu.

Ba magani za a ba shi ba. Makonni biyu da suka wuce zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu, abin da bai taɓa yi ba tun ina saurayi. A rana ta biyu aka tsinci Na-Ƙasa da tsakar rana a tsakiyar titi, babu sanda, babu takalmi a ƙafa ɗaya, motoci na kauce masa. Mai shagon bakin layi ne ya jawo shi. Auta ta zo da kuka, ta ce mijinta ya kwashe kaya daga ɗaki guda a gidansu na bene, za ta ɗauke ubanta. Amma ta ce ba za ta ɗauke shi kamar kujera ba, sai an tambaye shi. Wa zai tambaye shi? Mai kalma casa'in da tara.

Na shiga ɗakin, na zauna da shi rabin awa, muka sha shayi. Na fito na ce mata na yi masa bayani dalla-dalla, ya ce ko gawarsa ba za ta hau bene ba.

Ta yi mini wani irin kallo, ta tafi. Bayan kwana uku ta ce akwai wata ma'aikaciya a sashen ido da ke kula da masu irin lalurarsa, za mu je, a gabanta za a yanke magana. Yau ce ranar. Ana shirin yanke inda mutum zai ƙarasa rayuwarsa, shi kuwa yana zaune yana tsammanin ɗigon ido.

Muka sauka a ƙofar asibiti. Dogon baranda ne mai benci a jere, bangon an shafa masa koren fenti zuwa kafaɗa, fanka ɗaya na juyawa, ɗaya ta mutu. Auta ta tafi layin kati. Na duba, mutum bakwai ne a gabanta. Na ce a raina, Na-Sama, ka fito daga rijiyar da ta rufta, wannan ba zai gagare ka ba.

Na ja uku, ya miƙe. Na kai shi gindin matakalar da ke ƙarshen barandar, na hau da shi taki biyar, na sauko da shi. Na sake hawa da shi. Na ɗauki jakar da Auta ta bar mini, na ɗora masa a ka. Duk mai hankali ai ya san wannan ƙaura ce zuwa bene.

"Likitan a sama yake?"

Ɗaya.

"To motsa jiki ne?"

Ɗaya. Na danna jakar a kansa.

"Tafiya za ka yi?"

Ɗaya.

"Wani ya mutu?"

Ɗaya.

Ya tsaya yana tunani da jakar mata a kansa, sai fuskarsa ta washe. "Aure za ka ƙara! Tsohon banza, da wane haƙori?"

Barandar ta kwashe da dariya, har da wani mai bandeji a ido ɗaya. Wani mai shara ya jingina tsintsiyarsa ya ce, "Allah ya sanya alheri, Baba." Na sauke jakar, na mayar da abokin ango kan benci. Gumi ya jiƙa mini baya. Auta ta dawo da kati a hannu.

"Lafiya, Baffa? Me ake wa dariya?"

"Wasa muke. Ina ƙara jaddada masa maganar."

Ofishin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera huɗu, da wani kwando cike da tarkace: cokali, kofi, sabulu, burushi, ƙaramar mota ta roba. Ma'aikaciyar ba yarinya ba ce, ta yi furfura kaɗan a gefen goshi. Na ce mata Likita, ta ce ita ba likita ba ce, na ci gaba da ce mata Likita don girmamawa.

Ba ta fara da ni ba, abin da ya ɗan sosa mini rai. Ta zagayo, ta taɓa bayan hannun Na-Ƙasa a hankali, ta jira har ya juyo da tafinsa, sannan ta ɗora yatsunsa a kan wani agogo mai kaurin fata a hannunta.

"Baƙo ne," in ji shi. "Mace. Sannu da aiki."

Ta dafa hannunsa, ta koma kujerarta.

"An ce mini kai ne bakinsa da kunnensa, Baba."

"Shekara talatin da huɗu ke nan. Ko matarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta san shi kamar ni ba."

"Madalla. To tambaye shi a gabanmu. Ya fi son ya zauna a ɗakinsa, ko ya koma gidan 'yarsa?"

"Ai ya riga ya amsa."

"Ina so in ji daga bakinsa. Bakin nasa ai lafiya lau."

Auta ta zuba mini ido. Na gyara zama, na naɗe hannun riga, na kama igiyar da yatsa uku kamar mai gwada zinariya. Na ja biyu, na ja ɗaya, na ja uku, na girgiza, na yi dogon ja, na ƙara da wata 'yar karkarwa da na ƙirƙiro nan take. Na ɗaga kai ina kallon silin kamar mai sauraron amsa daga nesa.

Na-Ƙasa ya haɗe gira.

"I. A'a. Mu tafi. Hattara. Ga ruwa." Ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya da muryar da ta kai baranda. "Kai Na-Sama, kunama ce ta harbe ka? Kalma biyar gare mu a duniya, ka zubar da su duka a lokaci ɗaya!"

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni da na haƙa rijiyoyi fiye da ɗari biyu, ban taɓa haƙa ƙurarre irin wannan ba.

"Biyar?" in ji Auta. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Baffa, biyar?"

"Biyar ne ginshiƙai. Sauran rassa ne."

"Ka ce mini in na taɓa igiyar zan ruɗa shi. Ka ce in na kuskure ja ɗaya, zan iya jefa shi a rami. Shekara uku ina zuwa in zauna kusa da ubana kamar dutse, ina tsoron igiya." Ta juyo ta fuskance ni. "Ka tambaye shi maganar gidana ko ba ka tambaye shi ba?"

Na dubi kwandon tarkace. Na dubi agogon Likita.

"Mun sha shayi," na ce.

Ma'aikaciyar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, da ta yi ɗaya daga ciki da na fi jin daɗi. Ta tambayi Auta ko makullin ɗakin uban yana jikinsa. Yana nan, ɗaure da zare a aljihun gaba. Ta sa Auta ta ciro shi ta sa masa a hannun dama. Ta karɓi makullan gidan Auta, guda huɗu a zobe ɗaya, ta ce ta sa masa a hannun hagu, ta bar hannunta a kai. Sannan ta kama hannayen nasa biyu daga ƙasa, ta ɗaga wannan, ta sauke, ta ɗaga wancan, kamar mai awo a sikeli.

Ya shafa makullinsa da babban yatsa. Ya shafa na hagu ɗaya bayan ɗaya, ya shafa zoben da ke yatsan Auta.

"Wannan nawa ne. Waɗannan na Auta ne." Ya numfasa. "Jaka a ka. Matakala. Ashe abin da tsohon nan ke ta fama ke nan." Ya juya fuska wajen da yake zaton ina. "Ɗauke ni za a yi?"

Na ɗaga igiyar zan ja, ban san ma nawa zan ja ba. Ya ji motsin, ya riƙe ta gam.

"Tsaya. Wannan maganar ba taka ba ce. Ba Auta igiyar."

Na ba ta. Hannuna bai so ba, sai da na ɓamɓare yatsun da kaina.

"Auta, ɗaya a'a, biyu i. Kin gane?"

Ta ja biyu. Biyu ne sarai, ko ni ban isa in kushe ba. Karatun shekara talatin ke nan, an sauke shi kafin in rufe baki.

"An riga an yanke?"

Ɗaya.

"Ni ake jira?"

Biyu.

"Alhamdu lillahi. Saboda ranar titi ne?"

Biyu.

"Kina tsoron mota ta take ni."

Biyu, da ƙarfi, har hannunsa ya motsa.

"Ni ma na ji tsoro, 'yata. Ki saurara. A ɗakina taki bakwai ne daga gado zuwa ƙofa. Daga ƙofa goma sha ɗaya zuwa famfo, akwai dutse a na tara. Na san inda rana ke sauka da hantsi, na san bangon da ke ɗumi da yamma. A ɗakin nan ni ba makaho ba ne sosai. A gidanki ban san inda bango yake ba. Za ku fita aiki ku kulle ni a sama, in zauna kamar guga a rataye." Ya matse igiyar. "Kin san abin da ya fitar da ni ranar?"

Ɗaya.

"Wannan tsohon kullum da yamma sai ya naɗe igiyar ya sa a aljihu ya tafi da ita gida. Kwana biyu bai zo ba. Ina jin an ajiye mini kwano a gaba, hannun maƙwabciya ne, na san shi. Na tambaye ta, Na-Sama lafiya? Ta shafa mini kafaɗa. To shafa kafaɗa lafiya ce ko ta'aziyya? Na yi ta tambaya, ban san ko akwai mutum a ɗakin ba ko da bango nake magana. Sai na ce bari in je in taɓa shi da hannuna, in gawa ce in sani."

Ni dai fankar ofishin nan ƙura take watsawa, ta shiga mini ido. Na sa hannun riga na goge.

"Kuma ba yau na san halinsa ba," ya ci gaba, yanzu da Likita yake, ko da yake bango ya fuskanta. "In ya sa rediyo a kunne, komai na tambaya biyu yake ja. Ran nan na ce masa, Na-Sama, ni jaki ne? Ya ja biyu. Na ce, kai ne ubana? Ya ja biyu."

"Ƙarya ne!" na ce. "Auta, gaya masa ƙarya ne."

Auta ba ta ja komai ba.

"To me ya hana ka koya wa 'yarka da bakinka, Baba?" in ji ma'aikaciyar, ta manta ba ya ji, ko kuwa da ni take. Amma kamar ya san tambayar na tafe.

"Laifina ne ni ma. Da na so, da tuni na ce Auta ta matsa mini hannu, ɗaya ko biyu. Na ƙyale shi ne. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, babu mai kiransa aiki. In na karɓe igiyar nan daga hannunsa, me zai yi da safiyarsa?"

Shekara uku ina gaya wa duk unguwa ni ke riƙe da Na-Ƙasa.

"Ga abin da nake so," in ji shi, ya rufe hannun dama a kan makullinsa, ya miƙa wa Auta nata. "Ɗakina. Amma igiya ta daina kwana a aljihun kowa, a buga ƙusa a bakin ƙofa a rataye ta. Maƙwabciya ta koya, mai shago ya koya, mijinki ma. Ko a rijiya, maigidanmu da ya koya mana haƙa ba ya barin mutum ɗaya a bakin igiya, sai biyu. Wannan ne ya dinga korar na biyun wai suna rage masa ƙarfi."

Auta ta dubi ma'aikaciyar. Ma'aikaciyar ta ce a gwada wata uku. Ta ce a kawo shi duk Laraba, akwai alamomin hannu da za ta koya masa da duk mai zuwa wurinsa, da kayan kwandon nan, yadda za a iya fara masa magana ba sai ya tambaya ba. Ta ce akwai wasu mutum shida irinsa da ke zuwa ranar.

"Har da kai, Baba, in kana so," ta ce da ni. "Benci akwai wuri."

"Zan duba ayyukana," na ce.

"Auta," in ji Na-Ƙasa, "kin yarda?"

Ta daɗe tana kallon igiyar. Ta ja biyu.

A tashar bas rana ta take. Akwai benci ɗaya a ƙarƙashin rumfar kwano, suka zauna, uba da 'ya, igiyar a tsakaninsu. Ni na tsaya daga gefe ina karanta lambar motoci, ni da ban iya karatu ba. Na sa hannu a aljihu, na fitar, na harɗe su a baya. Ban taɓa sanin hannu na da nauyi haka ba.

Yana ta jero mata tambayoyi kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Babbar 'yarta ta gama makaranta? Biyu. Ƙaramin har yanzu yana tsotsar yatsa? Ɗaya. Bishiyar ƙofar gidansu ta da tana nan? Ɗaya. Bishiyar nan an sare ta tun bara, kuma na tuna ya taɓa tambayata, na ja masa biyu.

"Na-Sama yana nan?"

Biyu.

"Ya yi fushi?"

"Ja ɗaya," na ce mata. "Ni da rijiya ta rufta da ni ban yi fushi ba."

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. Ta ja biyu.

Na-Ƙasa ya gyaɗa kai. Ya matsa jikin 'yarsa, ya lalubi wurin da ya bari a kan bencin, ya bubbuga shi da tafin hannu. Na ɗan ƙara tsayawa, don kada a ce na yi saurin hucewa, sannan na zauna.